Yaya Tela da Karatun Cikin Waya

Yayana tela ne. Ni ƙanwarsa ce, ni ke sayar da zare da maɓalli da zif a rumfar da ke kallon shagonsa, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba. Mutumin kirki ne, kada wani ya ji labarin nan ya ce ba haka ba. Amma ya jawo wa 'yarsa asarar da har yanzu take hana shi jin daɗin abinci, kuma ba da mugunta ya yi ba. Da mugunta ce ma da ta fi mini sauƙi, sai in wanke shi tas in huta.

Tun yana ƙarami mahaifinmu ya kai shi wurin wani tsohon tela. Ya yi shara, ya yi guga, ya yi ramin maɓalli har yatsunsa suka yi kanta, kafin a yarda ya taɓa almakashi. Abin da ya fito da shi daga can shi ne ƙin gaggawa. Idan ya ji telan da ke maƙwabtaka da shi yana gudu da keken ɗinki, sai ya girgiza kai ya ce, "Ji wannan, kamar an biyo shi." An san shi da kayan makaranta. Yakan bar kalmasa mai faɗi a ƙafar wando, ya ce wa uwar yaro, "Baɗi ki kawo in sake masa, yaro ba ya tsayawa wuri ɗaya." Iyaye suna son sa saboda wannan, sauran teloli kuwa suna cewa yana kashe musu kasuwa.

Matarsa ta rasu yara suna ƙanana. Mazan da suka girma babu wanda ya zauna a kan keke, kowa ya kama gabansa. Auta ce ta tashi a cikin shagon, tana wasa da ƙyallaye a ƙarƙashin teburin yanka, har ta iya yanka ba tare da an zaunar da ita an koya mata ba. Ranar da ta sami gurbi a jami'a, za ta karanci gashin ƙashi, Yaya bai ɗinka ko aljihu ba. Layin nan kaf sai da ya bi shi shago-shago. Daga ranar ya sa mata suna Likita.

"Baba, ba likita zan zama ba," in ji ta.

"Wanda zai taɓa gurgu ya miƙe, me za a kira shi? Tela?"

Da hannunsa ya ɗinka mata farar rigar aiki, ya buga ƙusa a bayan ƙofar shago don ta riƙa ratayewa.

Shekarar farko wahala ce zalla. Ta fita da sassafe, ta dawo a gajiye tana jan ƙafa. Ta ce ɗakin lacca cike yake maƙil, na baya ba ya jin abin da malami ke faɗi, har ɗalibai da yawa suka daina zuwa. Shi ne jami'ar ta canza tsari. Malamai suka riƙa ɗaukar bayaninsu a bidiyo, ɗalibi ya kalla a gida, ya maimaita inda bai gane ba, wani lokaci kuma a haɗu kai tsaye ta waya a yi tambayoyi. Zuwa aji ya koma wasu ranaku kawai, kuma a ranakun babu lacca, aikin hannu ake yi. Ɗalibai bibbiyu, wannan ta kwanta wannan ta kama gwiwarta ko kafaɗarta, malama tana zagayawa tana gyara musu riƙo. Ina nan zaune Auta ta yi wa ubanta bayani dalla-dalla. Ta ce, "Bayanin a waya, aikin a aji." Ya ce ya gane.

Sai ta fara kallon darasinta a shago, ta jingina wayar da gwangwanin maɓalli, abin ji a kunnenta, hannunta yana kan ɗinki. Ba a daɗe ba Yaya ya ce, "Haba Likita, ke kaɗai za ki ci? Sa a lasifika mu ma mu samu." Shi ke nan fa. Mutumin da bai gama firamare ba ya zama ɗalibin jami'a da rana tsaka. Ya haddace muryar malamarta, har idan ta yi tari yakan ce, "Sannu, Malama." Ya fara duba mutane. Mai gyaran agogo ya shigo yana dafe ƙugu, Yaya ya ce masa, "Wannan ba ƙashi ba ne, jijiya ce, zaman da kake yi ne a karkace." Idan aka nuna yadda ake juya kafaɗa, sai ya miƙa tasa, Auta ta gwada a kansa, yana lumshe ido yana ce wa duk wanda ya shigo, "Jami'a ce yanzu take zuwa shagona." Wallahi na yi dariya a lokacin, don abin da ban sha'awa.

Ranakun aji ne abin ya fara lalacewa. Ku ji ni da kyau, bai taɓa ce mata kada ta je ba, ko sau ɗaya. Za ta shirya, ta ɗauko farar rigar, jaka a kafaɗa. Sai ya ce, "Au, yau akwai fita? To Allah ya tsare. Ɗan zura mini zaren nan kafin ki wuce." Ta zura. "Duba mini tef ɗin nan, me ya nuna?" Ta duba. "Bi mini layin allin nan da almakashi, wuyan hannuna ne yake damuna." Kafin ta gama, motar da take bi ta wuce, ta bayanta ma ta wuce. Sai in hango ta daga rumfata ta tsaya tana kallon titi, can ta juya ta mayar da rigar kan ƙusa. Ta ce, "Bari kawai, Baba, na bi na yau a waya." Alhali na ranar ba ya cikin waya, ba a ɗaukar aikin hannu.

Ni ba na iya gani in yi shiru. Na tsallaka na ce, "Yaya, yarinyar nan ɗaliba ce ko 'yar koyon ɗinki?"

Ya ce, "Ke me kika sani a karatun zamani? Je ki ƙirga maɓallanki."

Na juya ga Auta, ta ce, "Babu komai, Gwaggo, ina biye da su." Ta faɗa tana kallon yadi, ba ni ba.

Da lokacin komawar yara makaranta ya matso, wata makaranta ta ba shi ɗinkin yunifom ɗinta duka. Bandir-bandir na yadi aka jibge masa har bakin ƙofa, sai ka karkata kafin ka shiga. Daga nan Auta ta daina ma ɗauko farar rigar. Ita ke buɗe shago, ita ke awo, ita ke yanka, shi kuma yana taka keke, muryar malama tana tashi daga jikin gwangwani.

Wata rana da yamma na kai musu zif. Ana cikin darasin kai tsaye, ɗalibai suna ta tambayoyi. Na zauna a kan bandir ina jira a gama don mu yi magana. Can malamar ta ce, "Kafin mu rufe, akwai wadda nake nema." Ta kira sunan Auta.

Auta ta kai hannu za ta cire lasifikar. Yaya ya dafe hannunta yana murmushi, don a zatonsa yabo za a yi. Kuma da yabon aka fara.

"A kallon bidiyo babu wanda ya kai ki," in ji malamar. "Tambayoyin da nake turowa duk kina cinye su. Amma ni ban san hannunki ba. Abokiyar aikinki kullum ita kaɗai take tsaye, sai ta jira wasu sun gama ta roƙi a ara mata gwiwa. Na tura miki saƙo ba ki amsa ba, shi ya sa na kira ki a nan. Rashin lafiya ce? Ko wani abu ne a gida? Ki faɗa mini, akwai hanyar da ake bi wa mai uzuri."

Auta ta kalli ubanta. Ta kalli ni. Sannan ta matsa kusa da wayar ta ce, "Babu komai, Malama. Lalaci ne kawai. Ba na iya tashi da safe."

Muka ji dariyar ɗalibai ta fito ta lasifika, wani har da tafi. Malamar ta tsawatar musu. Sannan ta ce, "To, ban ji daɗi ba. Wanda bai yi aikin hannu ba ba zai shiga jarrabawar hannu ba. Ba zan saki mutum a kan mara lafiya da abin da ya kalla kawai ba." Aka rufe darasi.

Keken Yaya ya tsaya tun kafin nan. Ni ce na fara magana, kuma ba a hankali ba. "Lalaci? Ke? Ke da kike riga mai shara zuwa layin nan? Wace irin ƙarya ce wannan, kuma don me za ki zubar da kanki a gaban mutane?"

"Gwaggo, don Allah ki bari."

"Ba zan bari ba!"

"Ƙyale ta," in ji Yaya. Muryarsa ta canza, kamar ba tasa ba. Ya lalubi allurar hannu a jikin 'yar matashiyar da yake soke allurai, ya tsinko zare ya lasa. Ya ce, "Kalli nan." Ya ɗaga allurar ya kai zaren. Zaren ya wuce ta gefe, ko kusa da ramin bai je ba. Ya sake, ya sake wucewa. Ya ajiye su a kan keke.

"Ba na gani, ƙanwata. Ya daɗe."

Sai ga magana tana fitowa. Ta gefe duhun ya fara, yana ta matsowa. Lambobin tef sun ɓace masa, layin alli ya ɓace, fuskokin mutane sun koma hazo, da murya yake gane masu kawo ɗinki. Ɗinkin kansa hannunsa ya san hanya, muddin an yanka an zura masa zare. Auta ce kaɗai ta sani, kuma shi ya sa ta yi masa alkawari ba za ta gaya wa kowa ba, har ni. Ya ce idan layin nan ya ji cewa idon tela ya tafi, ko ƙyallen goge takalmi ba mai sake kawo masa.

Na ce, "To ai sai ka ce ba ka san ranakun ajin suna da muhimmanci haka ba." Ni da kaina nake nema masa mafita.

Ya ƙi karɓa. Ya ce, "Na sani. Ta gaya mini, na kuma gane. Duk ranar da ta ɗauko rigar nan gabana faɗuwa yake yi, in ce yau idan zare ya tsinke ya zan yi. Idan na ji ta mayar da ita kan ƙusa sai in ji sanyi a raina. Sanyi fa nake ji, ƙanwata. 'Yata tana rasa karatunta ni ina jin sanyi." Ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Auta ta durƙusa tana cewa, "Baba, ni na zaɓa, ba kai ba ne," shi kuma yana girgiza kai.

Washegari ya kira maƙwabcin nan nasa mai gudu da keke, wanda ya yi shekara da shekaru yana yi wa dariya, ya ce ya kwashi yadin makaranta ya ƙarasa. A bakin ƙofa ya faɗa, da ƙarfi, har da dalili, don kada a tsaya raɗe-raɗi. Mutumin ya rasa inda zai sa kansa, yana ta cewa, "Haba Baba, haba Baba," yana ɗaukar bandir. Yaya ya bi shi da gargaɗi, ya ce ya bar kalmasa a ƙafar wando ko ya gamu da shi.

Auta ba ta gode ba. Fushi ta yi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce, "Yanzu ka mayar da ni wadda ta rufe shagon ubanta. Da wane ido zan zauna a aji?" Ya ce da wanda Allah ya bar mata, tunda nata yana aiki. Kowannensu yana jan laifin zuwa kansa kamar mayafi ɗaya a lokacin sanyi, ni ina tsakiya na rasa wanda zan fara yi wa faɗa. Ta dai koma a ranar ajin da ta biyo, don da kansa ya ciro rigar ya miƙa mata, ya tsaya a bakin titi har ya ji motar ta tashi.

Na ɗauka zai sami sauƙi, ina! Ya zauna a shago babu aiki, yana shafa kan keke. In kai masa abinci in dawo in tarar da shi yadda na ajiye. Abu ɗaya yake ta maimaitawa: "Sun yi mata dariya. Na ji da kunnena." Na ce yara ne, sun manta. Ya ce shi bai manta ba, kuma malamar nan da yake yi wa sannu idan ta yi tari tana can tana ɗaukar 'yarsa malalaciya. Da wata ranar aji ta zagayo, bayan Auta ta fita, ya tsallako rumfata cikin rigarsa mafi kyau ya ce, "Rufe. Jami'a za ki kai ni."

Na ce, "Yaya, ka yi hankali, za ka ba yarinyar nan kunya."

Ya ce, "Ta riga ta sha kunyar da ba tata ba."

Muka shiga mota. Bai yarda na riƙe shi ba, a bayana yake tafe yana bin takuna, kansa a sama kamar mai gani. Muka yi ta tambaya har aka nuna mana ginin, muka hau bene yana dafe da bango. Ɗakin dogo ne, da ƙananan gadaje a jere, da ƙwarangwal na roba a tsaye a kusurwa. Ɗalibai duk cikin farare, bibbiyu, wata a kwance wata tana lanƙwasa mata ƙafa. Malamar ashe 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ba kamar yadda muryarta take ba. Tana cewa, "Sannunku, wa kuke nema?" Yaya ya ce, "Ke ce. Na san muryarki."

Bai jira an ba shi wuri ba. Daga bakin ƙofa ya fuskanci ɗakin, ya ce shi ne mahaifin wadda ta ce lalaci ne ya hana ta zuwa. Ya ce ƙarya ta yi, kuma dominsa ta yi. Ya faɗi maganar idonsa, da zaren, da tef, da yadda yake riƙe ta da ƙananan aike har mota ta wuce. Ya ce, "Tun tana yarinya ban taɓa tashin ta daga barci ba, ita take tashina. Wanda ya yi dariya ranar nan, ni ya kamata ya yi wa." Auta tana can gadon ƙarshe, ta saki ƙafar abokiyar aikinta ta miƙe tsaye, hawaye suna zuba ba ta share ba. Shi kuwa wani ɓangaren daban yake kallo.

Malamar ta fito da mu baranda ta jawo ƙofa. Ta yi magana da ladabi, amma ba ta ɓoye komai ba. Ta ce ba za a kori Auta ba, za ta shigar da uzurinta. Sai dai abin da ya wuce na aikin hannu ya yi yawa, ba a cusa shi cikin ɗan lokacin da ya rage, dole ta maimaita kwas ɗin baɗi, abokan karatunta su wuce ta. Ta ƙara da cewa da an faɗa da wuri, akwai ranakun ramuwa da ake shirya wa masu uzuri. Na so a ce ba ta faɗi wannan ba, don na ga yadda ta shige shi.

"Malama, ni za ki hukunta," in ji shi. "Ita ba ta yi komai ba."

"Ba hukunci ba ne, Baba. Hannu ne, sai ya yi aikin yake iyawa. Kai ma ka san wannan." Ya ce ya sani. Ta kwatanta mini inda asibitin ido yake, ta ce kada mu bari ya kwana biyu, sannan ta koma ciki.

Ba mu kai bakin matakala ba sai ga Auta a guje. Ta kama hannunsa tana cewa, "Baba, tsaya in raka ka gida, benen nan yana da santsi."

Ya zare hannunsa. "An tashi ne?"

"A'a, amma..."

"Koma aji."

"Baba, shekarar ta riga ta tafi, yau ɗaya ba za ta..."

"Na ce ki koma. Kin bar 'yar mutane a kwance tana jiran ki."

Ta juya a hankali. Shi kuma ya miƙo hannu yana lalube har ya sami nawa, ya riƙe gam, a gaban ɗaliban da ke wucewa. Muka fara sauka, yana neman kowace matakala da ƙafa. Da muka kai kwana ya tsaya.

"Ta shiga?"

Na waiga. Tana tsaye a bakin ƙofar ajin, hannunta a kan mariƙi, idonta a kanmu.

Na ce, "Tana bakin ƙofa, Yaya. Kallon ka take yi."

Ya ƙara damƙe hannuna. Ya ce, "To mu yi sauri. Muddin tana hango ni ba za ta shiga ba."